Me ya sa zanen mace guda ya ci dala miliyan 236?

Me ke cikin yadi da fenti da zai sa mutum mai hankalinsa ya biya dala miliyan 236.4? Tambayar ke nan da ta yi ta yawo a bakin mutane tun daren 18 ga Nuwamban 2025, lokacin da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da zanen Elisabeth Lederer, aikin mai zane Gustav Klimt, a birnin New York. A canjin wancan makon, kuɗin ya tasam ma naira biliyan 340. A tarihin gwanjo kaf, zane ɗaya ne ya taɓa fin sa tsada, wato Salvator Mundi da ake danganta wa Leonardo da Vinci, wanda aka sallama a dala miliyan 450.3 a 2017.

Wasu sun ce almubazzaranci ne irin na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. Wasu sun ce hanya ce ta halatta kuɗin haram. Akwai ma waɗanda suka ɗauka zinare aka shafe zanen da shi, saboda sun ji an ce mai zanen yakan yi aiki da zinare. Wannan na ƙarshe kuskure ne kai tsaye, domin fentin mai ne kawai a kan yadi. Sauran biyun suna buƙatar a bi su a hankali. Abubuwa da dama ne ke haɗuwa su yanke farashin irin wannan kaya, kuma mafi nauyi a cikinsu shi ne takardun da ke nuna hannuwan da zanen ya bi tun ranar da ya bar ɗakin mai shi.

Wace ce matar, wa ya zana ta

Gustav Klimt ɗan ƙasar Ostiriya ne. An haife shi a 1862 a gefen birnin Viyana, ya rasu a Fabrairun 1918. Mahaifinsa mai sassaƙa ado ne a kan zinare. A 1897 ya jagoranci wasu masu zane suka ɓalle daga tsohuwar ƙungiyar birnin suka kafa tasu. Shekarun da ya yi yana manna ganyen zinare a aikinsa su suka fito da sunansa duniya, musamman zanen Adele Bloch-Bauer na 1907. Zuwa 1914, lokacin da ya fara zanen Elisabeth, ya riga ya bar wancan salon ya koma ga launuka masu haske da adon ƙasashen gabashin Asiya.

Elisabeth 'yar August Lederer ce, attajirin da ya yi arziki da masana'antun tace barasa, da matarsa Serena. Yahudawa ne, kuma babu gidan da ya kai nasu tara aikin Klimt. Ya zana uwar a 1899, ya zana kakar, ya fara zanen 'yar tana da shekara 20. Aikin ya ɗauke shi daga 1914 zuwa 1916. Tsayin yadin wajen santimita 180 ne, faɗinsa wajen 130, wato ta fito kusan daidai tsayinta na zahiri.

Tana tsaye cikin farar riga mai shara-shara wadda ta tsuke wajen idon sawu. A bayanta akwai wata alkyabba mai adon fadar sarakunan Sin, dama da hagu kuma ƙananan surorin fadawa da mayaƙan Sin ne, ƙasa kuwa ruwan lemo. Wanda ya matso kusa zai ga farin rigar ba fari ɗaya ba ne: akwai shuɗi-shuɗi, da ruwan toka, da ruwan hoda, an ja su da burushi a sake, alhali fuskar an yi mata aiki a natse har ba a cika ganin sawun burushin ba.

A 1921 ta auri Wolfgang von Bachofen-Echt, ɗan gidan masu sarautar baron, shi ya sa tsofaffin rubuce-rubuce ke kiran zanen da sunan gidan mijin. Ostiriya ta soke sarautun gado a dokance tun 1919, amma bakin mutane bai daina kiran su ba. Sai dai sarautar wadda aka zana ba ta ƙara wa zane kuɗi yadda ake zato. Manyan gidajen sarautar Turai na wancan zamani wajen wasu suke zuwa. John Singer Sargent ya zana matar Duke na Sutherland a 1904, Giovanni Boldini ya zana Consuelo matar Duke na Marlborough a 1906, Philip de László kuwa ya zana sarakuna da matansu da 'ya'yansu ba adadi. Aikin de László ya kai dubbai, kuma galibin abin da ke fitowa gwanjo daga cikinsa ba ya kai dala miliyan guda, ko da gimbiya ce a jiki.

Yadda ake gina zanen fentin mai

Zanen fentin mai hawa-hawa ne, kuma duk wanda zai tantance shi sai ya san kowane hawa.

Na farko firam ne na katako, wanda ake ja yadin lilin a kansa a buga da ƙananan ƙusoshi. A kusurwoyinsa ta baya akwai 'yan tsinkayen katako da ake ɗan bugawa idan yadin ya saki, don ya sake ɗamewa. Ba a sa fenti kai tsaye a kan yadin, domin mai yana cin zaren lilin a hankali har ya ruɓe. Sai an fara shafa masa gam da ake dafawa daga fatar dabba, galibi ta zomo: kashi ɗaya na gam a cikin kashi goma zuwa goma sha biyu na ruwa, a jiƙa ya kwana, a ɗumama ba tare da ya tafasa ba, domin tafasa tana kashe ƙarfinsa. Bayan ya bushe sai a bi da farin shafe na alli ko farar dalma. A zamanin Klimt masu zane da yawa sukan sayi yadin da aka riga aka yi wa wannan shafen a kanti, kuma hatimin kantin da ke bayan yadin yana daga cikin abubuwan da masana ke fara dubawa yau.

Fentin kansa garin launi ne da aka niƙa da man irin lilin. Wannan mai ba ya bushewa ta hanyar tashi kamar ruwa. Iskar oksijin yake sha, har nauyinsa yakan ƙaru da wajen kashi 15 cikin ɗari, ya rikiɗe ya zama fata mai tauri. Saman yakan kama cikin kwanaki, amma cikin yakan yi watanni, mai kauri ma ya yi shekaru. Launuka ba sa bushewa tare: farar dalma tana saurin kamawa, baƙin da ake samu daga ƙonannen ƙashi yana jan lokaci.

Daga nan ne babbar ƙa'idar sana'ar ta fito, cewa mai-mai yana hawa kan ramamme. Hawan farko a sirka shi da tafentin, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya zama maras mai sosai, mai saurin bushewa. Kowane hawa na sama a ƙara masa mai. Idan aka juya, aka ɗora ramamme a kan mai-mai da bai gama bushewa ba, na sama zai daskare alhali na ƙasa yana motsi, sai fuskar zanen ta tsattsage cikin 'yan shekaru. Daga ƙarshe, bayan wata shida zuwa shekara, wasu kan shafa banish na ƙaron itace don kariya da ƙyalli.

Mai zanen fuska kuma yana da nasa aikin kafin ya taɓa fenti. Klimt yakan zaunar da mace a gabansa ya yi ta zana ta da fensir a takarda, tsayuwa daban-daban, hannu daban-daban. Na zanen Adele kaɗai sun haura ɗari. Waɗannan takardu sun zama shaida yau: idan aka kawo zane aka ce nasa ne, masana kan nemi ko akwai zanen fensir da ya dace da shi.

Abin da ke lalacewa, da yadda ake gano jabu

Zanen da ya haura shekara ɗari ba ya rasa tabo. Banish yakan koma rawaya, farar riga ta koma kamar an jiƙa ta a shayi. Farin zinki, wanda masu zane suka rungume shi a ƙarni na 19 saboda ba shi da guba kamar dalma, yana sa fenti ya yi gautsi, wani lokaci hawa ya rabu da hawa ya ɓanɓaro. Wasu nau'ukan rawaya suna duhu ko su dusashe a haske. Gam ɗin fatar kuwa yana kumbura da laima, ya tsuke da bushewa, fentin da ke kansa ba ya iya bin sa, sai tsaga ta fito.

Kafin a fito da babban zane gwanjo, mai gyaran zane yakan rubuta rahoton lafiyarsa. Ana haska shi a duhu da fitilar nan mai shuɗin haske da ake gwada takardun kuɗi da ita: tsohon banish yakan yi ƙyallin kore-kore, wuraren da wani ya sake shafa wa fenti daga baya su fito baƙaƙe. Ana ɗaukarsa a na'urar hoton ƙashi, inda dalma ke tare hasken, sai a ga gyare-gyaren da mai zanen ya rufe, da yagewar da aka ɗinke. Kyamarar infared tana ratsa fenti ta nuna layukan gawayi ko fensir da ke ƙasa. Zanen da kashi mai yawa na fuskarsa aikin mai gyara ne, farashinsa yakan faɗi ƙwarai ko da sunan mai shi babba ne.

Garin launi shi ne ya fi tona asirin maƙaryata, domin kowane launi yana da shekarar da ya shigo kasuwa. Farin titaniyam bai wadatu a hannun masu zane ba sai a shekarun 1920. Wolfgang Beltracchi, Bajamushen da ya shafe shekaru yana yaudarar manyan dillalai, da wannan aka kama shi: an samu titaniyam a zanen da ya ce Heinrich Campendonk ne ya yi a 1914. Kotu a birnin Kolon ta ɗaure shi shekara 6 a 2011. Abin lura a shari'arsa shi ne bai tsaya ga fenti ba, har tsofaffin hotunan iyali da tambarin dillalai ya ƙirƙira ya manna a bayan zanen, domin ya san mai saye takarda yake fara nema.

Takardun zanen, da ƙwacen 1938

Zane maras takarda kamar fili ne maras takarda: ko yana tsakiyar gari, mai kuɗi ba zai taya da daraja ba, don bai san ranar da wani zai fito ya ce na ubansa ne ba. Abin da ake nema shi ne jerin masu shi ba tare da giɓi ba, da rasit, da wasiƙu, da takardar gado, da kundin nune-nunen da ya shiga. Ga duk zanen da ya kwana a Turai tsakanin 1933 da 1945, waɗannan shekaru su ake fara bincika.

A watan Maris na 1938 Jamus ta Hitler ta haɗiye Ostiriya. August Lederer ya riga ya rasu a 1936. Hukuma ta ƙwace dukiyar gidan har da zane-zanen. Serena ta koma Budafes, inda ta rasu a 1943. Ɗanta Erich ya tsira zuwa Siwizalan. Elisabeth ta rage a Viyana, aurenta ya mutu, ɗanta ƙarami ya rasu. Ta bar addinin Yahudu tun lokacin aurenta, amma dokokin Nuremberg na 1935 ba ruwansu da abin da mutum ya yi imani da shi, kakanni suke ƙirgawa. Mai kakanni Yahudawa uku ko huɗu Bayahude ne a wurinsu, mai biyu kuma ruwa biyu ne, wanda galibi ba a kwashe shi zuwa sansanin kisa.

Sai ta ce Klimt ne mahaifinta na jini, shi da ba Bayahude ba ne kuma ya rasu shekara 20 kafin nan. Uwarta ta sa hannu a takardar rantsuwa ta tabbatar, ta yarda a ɓata mata suna don 'yarta ta rayu. Kusancin Klimt da gidan, da shekarun da ya yi a kan zanenta, sun sa maganar ta yi kama da gaskiya, hukuma ta ba ta takarda. Yahudawan Ostiriya wajen 65,000 aka kashe a waɗannan shekaru. Ita ta zauna a Viyana har rashin lafiya ta ɗauke ta a Oktoban 1944, tana da shekara 50. Duk wanda ke ganin zanen a matsayin kayan adon masu kuɗi kawai, ya kamata ya san wannan.

Mafi yawan aikin Klimt da aka ƙwace daga gidan an kai shi ajiya a wani tsohon gidan sarauta da ake kira Immendorf, a arewacin Ostiriya. A watan Mayun 1945, daidai ƙarshen yaƙi, gidan ya ƙone ƙurmus, kuma ana ɗora alhakin a kan dakarun Jamus da ke ja da baya. Zanen Klimt fiye da goma suka tafi a wutar. Na Elisabeth ya tsira ne saboda wulaƙanci: hotunan 'yan gidan Yahudawa ne, ba a ga sun cancanci wannan ajiya ba, sai aka ware su a Viyana. A 1948 aka mayar wa Erich da shi. Ya riƙe shi har 1983, ya sayar wa dillali Serge Sabarsky, daga nan Leonard Lauder, magajin kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder, ya saya a 1985. Lauder ya rasu a Yunin 2025, sai aka fito da kayansa gwanjo. Jerin ke nan, gajere, kuma kowace gaɓa tana da shaida. An ƙwace, an mayar wa mai haƙƙi, shi ya sayar da hannunsa. Babu magajin da zai fito gobe da ƙara.

A gwada da wani zanen Klimt, na wata budurwa 'yar gidan Lieser, wanda ya bayyana a Viyana a 2024 bayan an daɗe ana zaton ya ɓata. Bai ƙarasa shi ba, bai sa hannu ba, masana ba su daidaita kan wace ce daga cikin 'yan matan dangin ba, kuma ba a san takamaimai hannun da ya bi tsakanin 1925 da shekarun 1960 ba. An yi hasashen yuro miliyan 30 zuwa 50, tayin ya tsaya a 30.

Rikicin mayar da kayan ƙwace

Ba kowane gida ya samu kayansa da sauƙi ba. Bayan yaƙi, Ostiriya tana da dokar hana fitar da kayan tarihi, kuma an yi amfani da ita a kan iyalan da suka tsira suna zaune a waje: a mayar maka da kayanka a takarda, amma ba za ka fita da su ba sai ka bar wa gidan tarihi wasu. Erich Lederer kansa ya gamu da wannan a kan wani dogon zanen bango na Klimt mai tsawon mita 34, wanda daga ƙarshe ya sayar wa gwamnati a farkon shekarun 1970. Magadansa sun ce tilas ce ta sa shi, gwamnati ta ce ciniki ne na yarda, kwamitin da ke duba irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ya ƙi amincewa da buƙatarsu a 2015.

A 1998 ƙasashe 44 suka amince a birnin Washington cewa za a binciki kayan da 'yan Nazi suka ƙwace a nemi mafita ta adalci. Yarjejeniyar ba ta da ƙarfin doka, amma Ostiriya ta yi tata dokar a shekarar. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta Maria Altmann, wadda mijin Adele Bloch-Bauer baffanta ne. Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta damar kai ƙarar Ostiriya a 2004, kwamitin sulhu a Viyana ya yanke a Janairun 2006 cewa a mayar wa magadan gidan zanen Klimt biyar. A shekarar Ronald Lauder, ƙanen Leonard, ya sayi zanen Adele na zinare a kan kuɗin da aka ruwaito dala miliyan 135 ne, yana rataye a gidan Neue Galerie a New York.

Masu adawa sun ce gadon ƙasa ne, kuma da aka mayar magadan sayarwa suka yi, huɗu daga cikin biyar ɗin suka shige hannun attajirai inda talaka ba zai gan su ba. Damuwar tana da tushe, amma ba ta kai hujja ba. Wanda aka ƙwace wa kaya ba ya buƙatar ya yi alkawarin abin da zai yi da su kafin a ba shi. Mai karatu a Najeriya ya san wannan muhawarar, domin irinta aka yi ta yi a kan tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kafin Jamus ta fara mayarwa a 2022, Holan ta biyo da guda 119 a 2025.

Ƙaranci da lissafin gwanjo

Klimt mutum ne mai jinkirin aiki. Zanen fentinsa duka bai wuce wajen 250 ba. Wuta ta ci wasu, gidajen tarihi sun riƙe mafi yawa, kuma abin da ya shiga gidan tarihi da wuya ya sake fitowa kasuwa. Sotheby's ta ce hotunan mata na tsaye daga kai zuwa ƙafa na Klimt biyu kacal suka rage a hannun ɗaiɗaikun mutane, wannan ɗaya ne daga ciki. Masu iya biyan irin wannan kuɗi kuwa sun ƙaru a Amurka da Asiya da yankin Gulf. Mutum shida suka yi ta taya shi na kusan minti 20.

Adadin da jaridu suka buga ba shi ne tayin ƙarshe ba. An buga guduma a dala miliyan 205. Ragowar la'ada ce da mai saye ke biyan kamfanin, kuma a lokacin hawa uku ce: kashi 27 cikin ɗari a kan miliyan ɗaya na farko, wato dala 270,000, kashi 22 a kan miliyan bakwai na gaba, wato miliyan 1.54; kashi 15 a kan miliyan 197 da suka rage, wato miliyan 29.55. Jimillar la'ada miliyan 31.36, a haɗa da 205 ya ba da 236.36. Hasashen da aka yi kafin gwanjon, sama da miliyan 150, ba ya haɗe da la'ada, don haka da 205 ya kamata a gwada shi.

Akwai kuma abin da ba a gani a zaure. Mai kaya da kamfani sukan yanke wani farashi na sirri wanda idan tayi bai kai shi ba, albarka. A manyan kaya, kamfani yakan lamunce wa mai kaya wani adadi tun kafin ranar, sannan ya nemi wani attajiri ya ɗauki nauyin saye a wannan adadi idan babu wanda ya haura, a biya shi wani kaso idan an haura. Ke nan wani lokaci zane ya riga ya sayu kafin a buɗe zaure, abin da ya rage shi ne a ga ko za a ƙara.

Zargin halatta kuɗin haram

Zargin bai taso a banza ba. Kasuwar zane tana da sirri, ba a tilasta bayyana sunan mai saye, kuma ana iya ajiye kaya shekaru a rumbunan da ba a biyan harajin shigo da kaya, irin na Jeniba. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya bayyana a 2020 cewa wasu attajiran Rasha biyu da aka sa wa takunkumi sun yi cinikin zane na sama da dala miliyan 18 ta hannun kamfanonin fakewa. Tun Janairun 2020 dokar Tarayyar Turai da ta Birtaniya ta wajabta wa dillalan zane tantance abokin ciniki a duk cinikin da ya kai yuro 10,000. Dokar Amurka ba ta kai nan tsauri ba.

Amma wanda ke son ɓoye kuɗi ba zai zaɓi gwanjon da duniya ke kallo kai tsaye ba. Kafin a bar mutum ya taya irin wannan kaya sai ya nuna shaidar kansa da ta bankinsa. Haɗarin ya fi yawa a cinikin bayan fage, na matsakaitan kaya da babu mai sa musu ido.

Abin da ya shafi mai zane a gida

Darasin takarda ya shafe mu kai tsaye. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, hoton gimbiya Adetutu Ademiluyi ta Ife da ya yi a 1974, ya yi shekaru ba a san inda yake ba sai aka same shi a wani gida a arewacin Landan. Bayan masana sun tabbatar da shi, kamfanin Bonhams ya sayar da shi fam miliyan 1.2 a Fabrairun 2018. Tun daga nan jabun aikin manyan masu zanen Najeriya ya zama abin a yi hattara da shi. Sa hannu a kusurwar zane shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo. Wanda zai saya ya nemi rasit, da sunan wanda ya fara saye, da hoton zanen a wani tsohon kundi. Wanda ya sayi sabon aiki daga mai zane mai rai ya karɓi takarda mai ɗauke da suna, shekara, girma da irin fentin, ya ɗauki hoton gaba da baya ya adana.

Yanayinmu kuma yana da tsanani ga fentin mai. Gidajen tarihi suna riƙe laima tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, zafi tsakanin digiri 16 da 25. A Kano ko Damagaram laima takan faɗi ƙasa da kashi 20 da hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Wannan hawa da saukar ita ke sa yadi ya saki da damina, ya ɗame da rani, fenti ya tsage. Abin da za a iya yi a gida shi ne a rataye zanen a bangon ciki wanda rana ba ta bugunsa, nesa da taga, da madafa, da bakin na'urar sanyaya ɗaki, da hayaƙin turaren wuta, wanda ke manne wa banish. A toshe bayan firam da kwali mai kauri don rage ƙura da saurin canjin iska. A bar 'yar tazara tsakaninsa da bango saboda hunhuna, a riƙa duba katakon saboda gara.

Idan ƙura ta hau, burushi mai laushi kuma busasshe ya isa, shi ma sai an tabbatar fentin ba ya ɓanɓarowa. Kada a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ko sabulu, ko kananzir, ko man girki don ya yi ƙyalli. Idan fenti ya fara tashi, a sauke zanen a kwantar da shi fuskarsa sama, a tattara ɓarɓashin da ya zuba a ambulan, domin mai gyara zai iya mayar da shi gurbinsa. Idan dole a naɗe yadin don tafiya, a naɗe shi a kan faffaɗan bututu, fentin yana waje. Tsofaffin takardu da tambura da ke manne a baya kuma kada a ɓanɓare su ko a sauya tsohon firam a jefar, ko da sun yi datti, domin da su za a tabbatar da asalin zanen ranar da aka zo sayarwa ko rabon gado.